Harshen Aron Iya Balaraba

"...Lafiya ƙalau, sai sanyi, sai kuma takaicin auren rago. Kai sai yanzu gari ya waye maka?"

"Ango ba ya sammako, tsohuwa. Ina kwana? Kin tashi duka, ko akwai sauranki a kan gado?"

Iya Balaraba ba ta ko ɗago kai ba. Tana zaune bisa 'yar kujerarta a ƙofar gida, cikin lungun nan na Gangare da mutum biyu ba sa jerawa, ta naɗe kanta da mayafi biyu, tana shafa mai a ramukan tanda. An yi ruwa da asuba. Hazo ya gangaro daga kan duwatsu ya kwanta bisa rufin gidaje, hasumiyar masallacin unguwa ma rabinta kawai ake gani. Hayaƙin icce yana tashi a hankali ya shige cikin hazon, ba ka iya raba wannan da wancan.

Wanda ya tsuguna a gabanta yana hura tafin hannu Lukuman ne, jikanta, ɗan Nura. Tun yana cikin zanen goyo ta ce shi ne mijinta, kuma har yau da ya ajiye gemu bai kawo sadaki ba. Ta juya masar farko, ta cire ta da cokali, ta jefa masa a faranti.

"Karɓi. Miji ba cefane, sai baki."

Ya hura, ya gutsura, ya lumshe ido kamar alƙalin da zai yanke hukunci.

"Innalillahi. Wa ya ɓata wa ƙullun nan rai? Ya yi tsami kamar fuskar fasinjan da aka wuce da shi tasharsa."

"Bakinka ne mai tsami. Ka ko wanke shi yau?"

"Sukari kuwa sai an yi cigiyarsa a rediyo. Gishiri ne kaɗai ya zo aiki."

"Allah Ya shirye ka. Ubanka ma da masar nan aka yaye shi."

Tana faɗa, hannunta ya riga ya kai ga gwangwanin ruwan kanwa. Ta ɗiga kaɗan a ƙullun, ta barbaɗa sukari, ta juya. Gishirin kuwa ba ta taɓa shi ba.

To ga abin da ke ƙasa, wanda duk Gangare babu mai sani sai su biyu, su biyun ma ba su taɓa faɗa wa juna ba. Tun rashin lafiyar da ta yi bara harshen Iya ya mutu. Gishiri da sukari da tsami duk sun zama abu ɗaya a bakinta, kamar tana tauna auduga. Mai masa kuwa da harshe take aiki, don ƙullu ba ya kwana iri ɗaya sau biyu, balle a garin da sanyi ke sauya shawara cikin dare. Ta ɓoye abinta. Ta san ranar da Nura ya ji, ranar zai ɗauke tandar ya ce ta huta, ita kuwa hutun nan tsoronsa take ji fiye da ciwo. Lukuman ne ya gano, wata safiya da ta miƙa masa masar da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta ci, ta tsaya tana karanta fuskarsa. Bai ce mata uffan ba. Sai dai tun daga ranar kullum shi ne na farko a gaban tanda. Ya ci, ya kushe masar tas, ita kuma ta rama da baki, ta gyara ƙullu da hannu.

Yanzu ga shi an ɗauke shi aikin tuƙi a makarantar manyan ma'aikata ta Kuru, har da ɗaki a can. Asabar mai zuwa zai kwashe kayansa. Iya ta sa masa albarka a gaban mutane, ta shiga ɗaki ta zauna tana kallon bango, don ta san harshenta ne zai hau mota ya tafi.

Ta zuba sabon ƙullu a ramuka, ta ce, "Jiya ma mijina na gaske ya zo."

"Wanne? Wancan da ya gudu ya bar mini ke?"

"Kul! Malam bai gudu ba, kira aka yi masa ya amsa. Allah Ya jiƙansa."

"Amin. Me ya kawo? Don na ji labarin hannunsa ba ya nisa da aljihu."

Iya ta ɗago kai daga tanda. Idonta ya tafi can cikin hazon, muryarta ta sauka.

"A bakin tafkin kuza na Bukuru na gan shi. Ruwan ya yi kore shar, ya kwanta luf, ko iska babu. Ni kuma na koma yarinya, ƙafata cikin ruwa, ina juya ƙwarya. Sai ga shi ya ɓullo da farar rigar nan tasa mai aljihu ɗaya. Bai yi magana ba. Ya ɓare goro ya ba ni rabi." Ta tsaya, cokali a hannu. "Ɗaci, Lukuman. Ɗaci har cikin kunne. Na kamfaci ruwa na kora, sai ruwan ya zama zuma."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai zakaran maƙwabta ya yi cara, Allah Ya kai shi tukunya."

Ta ga yaron ya kau da kai yana gyara iccen da ba ya bukatar gyara. Can ya sa hannu a aljihu.

"Wato duk hutun da yake yi, rabin goro kawai ya iya kawowa? Ga na masu rai."

Ya ajiye wata 'yar farar kwalba a gefen faranti, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Iya ta kalle ta, ta kalle shi.

"Wannan fa? Kwalli ne?"

"Magani ne. Wanda likita ya ce."

"Likitan da ka ce za ka kai ni yawon amarci, ka ɓige da kai ni aka zuƙe mini jini?"

"Shi. Ya ce akwai wani sinadari da ya yi ƙasa a jikinki, zink sunansa. Ƙwaya ɗaya a rana, bayan kin ci abinci."

Iya ta yi wata dariya da ta sa ta tari. Ta sunkuya ta jawo wani abu daga ƙarƙashin kujera da hannu biyu, ta dire shi a ƙasa, tim. Ƙatuwar kwalba ce baƙa, cike da wani ruwa mai kauri, a jikinta ga hoton ƙato ya ɗaga dutse sama da kansa.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi. Ka zaci jiranka nake? A mota na saya, ina dawowa daga kasuwa. Mai tallan ya ce ma'adanai saba'in da bakwai ne a ciki. Duk abin da Allah Ya binne a ƙasa an tara shi a nan."

"Har da kwalta?"

"Har da ubanka. Ɗaga ka ji."

Ya ɗaga, ya yi nishi, ya riƙe ƙugu. "Wannan ai sai an kira ɗan dako. Kin sha?"

"Yau zan fara. Na bari ne ka gani, baƙin ciki ya kashe ka tukuna."

Ta karɓi babbar a hannun dama, ta ɗora ƙaramar a hagu, ta shiga auna su sama da ƙasa, ido a rufe. Ba wasa take yi ba. Iya ta yi ƙuruciyarta a wankin kuza, zamanin da rabin mutanen garin nan a bakin rami suke karyawa, kuma darasi ɗaya ta fito da shi wanda ba ta taɓa samunsa da ƙarya ba. Da shi take sayen doya, da shi take sayen zane, da shi ta zaɓar wa Nura mata.

"Hezekiya mai sikeli, da ke auna mana kuza, Allah Ya kai rahama inda yake, ba ya ko buɗe buhu. Ya ɗaga kawai. In ya ji nauyi, kuza ce. In ya ji sakayau, ya ce yarinya koma ki sake wanki, yashi kika kawo. Wannan taka," ta karkaɗa ƙaramar a kunne, "yashi ce. Kamar mai ita."

"Ni ne yashin?"

"Iska ma tana ɗaukarka. Ran nan da ka yi atishawa sai da ka ja baya."

"Ɗan hakin da ka raina dai."

"Shi ke shiga miya a tsame shi a yar."

Suna cikin haka wata mata ta fito daga cikin hazon da lema a naɗe da kula a hannu. Ebun ce, mai kemis ɗin bakin titi, wadda ba ta buɗe shago sai ta biyo ta nan. A wurinta Lukuman ya sayo ƙaramar kwalbar.

"Mama, ina kwana? A sa mini masa, yaji da yawa." Idonta ya faɗa kan baƙar kwalbar. "Ah ah! Wannan kuma daga ina?"

"Gaya mata, Anti," in ji Lukuman. "Matata za ta sha ƙasar Filato gaba ɗaya."

Ebun ta ɗaga kwalbar, ta juya ta gaba da baya. "Mama, abeg, don Allah. Babu lambar hukuma, babu sunan wanda ya yi, babu ranar da zai lalace. Ko ni ban san abin da yana ciki ba."

"Saba'in da bakwai ne a ciki."

"To wanne jikinki ya nema? Irin wannan abu, jiki yana so kaɗan-kaɗan ne. Zink ɗin nan ma, in ya yi yawa zai tayar da zuciya, kuma zai kori wani ɗan'uwansa, tagulla, sai jini ya yi ƙasa. Na ƙarfe kuma, mai ƙara jini, in mutum ba ya bukata ya yi ta sha, taruwa yake, hanta ne zai sha wahala. Aidin, mai hana maƙoƙo, yana cikin gishirin da kina sa a ƙullu tuntuni. Shi ya sa likita ya auna tukuna. Abu ɗaya ya gani ya rage, abu ɗaya ya rubuta."

"To shi wannan ɗan mitsitsin, aikin me yake?"

"Yana taimaka ciwo ya warke, yana taimaka jiki ya yi faɗa da cuta. Kuma mutum wanda baki ya mutu, ba ya jin daɗin abinci, in rashin zink ne ya kawo..."

 Iya ta ajiye cokali. Ta gyara mayafi a hankali.

"Wane ne bakinsa ya mutu a nan?"

"Nawa," in ji Lukuman da sauri. "Tun ina yaro nake cin masar nan, ai dole. Ita kuwa na ƙarfin ƙafa aka ba ta, don ta riƙa bina a baya in za mu biki."

Ebun ta kalli wannan, ta kalli wancan. Mace ce mai hankali, ta miƙa kularta kawai. Da za ta tafi ta rage murya ta ce, "Mama, ba rana ɗaya yana aiki ba, sai an yi haƙuri. Wani yana dawo, wani ba ya dawo, in an ga shiru a koma wurin likita. Kuma ki ci nama, ki ci wake da gyaɗa da agushi. Ba shayi da gefen masa kullum ba." Ta buɗe lemarta ta shige hazon.

"Ka haɗa baki da ita," in ji Iya.

"Na haɗa. Amma bar ta ita, ke nake tambaya. A Bukurun nan taku, kwano nawa kike ɗauka a kai?"

"Kwanon da in an ɗora maka sai an haƙo ka daga ƙasa."

"Cike?"

"Har da tozo."

"In kin wanke, me ke saura?"

Da wani ne ya tambaya da ta gane tarko. Amma an taɓo mata inda take so. Hannayenta suka tashi da kansu, suka kama ƙwaryar da babu ita, suka fara juyawa a cikin hayaƙi.

"Ka zuba ƙasa a ƙwarya, ka nutsa ta a ruwa. Ka juya, ka juya. Jar ƙasa ta fara tafiya, ruwa ya yi kamar kunu. Ka karkata kaɗan, yashi ya bi. Ka tsince tsakuwa. Ba a gaggawa, mai gaggawa arzikinsa yake zubarwa. Ka yi ta juyawa har bayanka ya ƙage, har ka manta da sunanka. Can sai ruwa ya washe, ka ga sama a ciki. A gindin ƙwaryar kuma ga ta nan ta kwanta, baƙa wuluk, tana ƙyalli." Ta buɗe tafin hannu tana kallo. "Wata rana ko nan ba ta rufewa. Saboda ita kaɗai aka ɗauko kwanon."

Lukuman ya ɗauki ƙaramar kwalbar ya ɗora a tafin hannun da ta buɗe. Ya nuna babbar da leɓe.

"Wancan kwanon ne da tozonsa. Ba a wanke ba."

Iya ta daɗe tana kallon hannunta. Masa ɗaya ta ƙone a tanda ba ta lura ba.

"Ɗan nema. Da sana'ata za ka ɗaure ni?"

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Ni ban yarda ba, ka ji. Zan karɓa ne kawai don kada a ce miji ya yi cefane sau ɗaya a rayuwarsa an raina." Ta ƙulle kwalbar a bakin zane. Babbar kuma ta ɗauke ta ta danne gefen ledar da take rufa wa icce, wadda iska ke yawan ɗagawa. "Ka gani? Nauyi bai taɓa rasa aiki ba."

Asabar ta zo, Lukuman ya kwashe kayansa. Washegari Iya ta fito da tanda, ta zuba masar farko, ta rasa wanda za ta miƙa wa. Sai ga ƙarar babur a bakin lungu. Ya sauko yana rawar sanyi, ya ce ya manta silifas ɗinsa ne. Ya ci, ya kushe, ya koma. Bayan kwana biyu ya sake zuwa, ya ce hula ya manta. Daga nan ya daina neman dalili. Kullum sai ya yi sallar asuba a Kuru, ya ari babur ɗin maigadi, ya keto sanyin hanyar Bukuru, ya ci masa ɗaya a tsaye, ya juya don ya riga oga fitowa.

Ita kuma tana shan ƙwayarta bayan ta karya. Ta aika mahautar Abattoir a sayo mata nama, ta koma cin wake tana mita. Kwanaki suka yi ta wucewa shiru, har ta fara hararar baƙar kwalbar da ke danne da leda. Sai wata safiya, masarar bayan gida ta fara goyo, ta farka daga mafarkin nan nata na bakin tafki, ta ji ɗacin bai tafi tare da Malam ba. Ta laluba ƙarƙashin matashi, ta ɓare goro ta gutsura. Ya zo daga nesa, siriri, kamar kiran sallar wata unguwa. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta yi hamdala. Bayan ɗaci tsami ya biyo, sannan gishiri. Sukari ne ya zo a ƙarshe, yana jan ƙafa kamar Lukuman.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta san ya kamata. Tana ganin idon yaron ya faɗa, tana jin ya ce oga ya fara kallon agogo in ya shigo. Kullum sai ta ce gobe. Amma in ta ji ƙarar babur a bakin lungu sai zuciyarta ta yi fari, goben ta ƙara gaba. Tsufa ba ya hana son kai, gyara masa zama kawai yake yi.

Ran nan aka kwana ana yayyafi. Ya iso jiƙe sharkaf, hanci ja, murya a shaƙe.

"Amarya, ida kwada?"

"Wannan kuma wane yare ne? Ko a Kurun aka koya maka?"

"Sanyi ne ya gaishe ni a hanya. Ba ni hakkina."

Ta riga ta ɗanɗana ƙullun a ɗaki kafin ta fito, yadda ta saba yi yanzu a ɓoye. Ƙullu ne irin wanda mai masa ke samu jefi-jefi, komai ya tsaya inda ya dace, ƙwayar gishiri ɗaya in aka ƙara an cuce shi. Ta miƙa masa. Ya gutsura, ya lumshe ido, ya tauna, ya sake tauna. Ya daɗe fiye da kullum. Ta ga ya ja hanci, ya saci kallonta.

"Masar lami ce," ya ce. "Gishirin ya tafi yajin aiki. Ƙara."

Iya ta ɗebi gishiri a hannu. Ta kai shi saman robar ƙullu, ta tsaya. Nan ta gane. Mura ta toshe yaron, ba ya jin komai, cinta kawai ya yi don kada ya bar ta ba amsa. Harshen da ta ara ya mutu a hanyar kawo mata kansa. In ta zuba, ta kashe ƙullu, gobe babur ya dawo. In ta ƙi, asiri ya tonu.

"Zuba mana, tsohuwa. Ko hannun ya sandare?"

Ta mayar da gishirin cikin gwangwani, ta kakkaɓe hannu.

"Ƙarya kake."

"Na'am?"

"Na ce ƙarya kake, ɗan banza mai hancin famfo. Gishirin nan ya yi daidai. Tsami ya yi daidai. Albasa ce ma ta ɗan yi kaifi, ita kuma ban tambaye ka ba."

Lukuman ya tsaya da rabin masa a hannu. Ya kalli robar, ya kalle ta.

"Wa ya gaya miki?"

"Wanda ya gaya mini tun kafin a haifi ubanka."

"Tun yaushe?"

"Tun masara tana goyo."

"Masarar da muka gasa muka cinye? Iya!" Rabon da ya kira ta da wannan suna har ta manta. "Ina keto ruwa da laka, karnukan Bukuru duk sun san ni, ke kuma kina nan kina..."

"Ni na aike ka? Ba silifas ka manta ba?"

Ya buɗe baki, atishawa ta riga shi. Daga atishawar sai dariya. Ya zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana yi yana share ido, har masu jiran masa suka fara leƙowa suna tambaya ko lafiya.

"Shi ke nan, na sallama," ya ce. "Kin ci ni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma naki har da ɗaki da falo."

"To tashi ka ji. Na sake ka. Ba ni da bukatar miji mai cin masa ba ya jin gishiri. Ka mayar wa mutane babur ɗinsu, ka yi barci kamar ɗan Adam, ka riƙe aikinka. In na sake ganin ƙafarka a lungun nan da asuba, da ludayi zan raka ka."

"Mace ce ke sakin miji a garinku?"

"A Gangare ni na fara."

"To a ba ni Asabar. Ko korarre yana zuwa ɗaukar kaya."

Ta yi kamar tana shawara, tana juya masa. "Asabar. Bayan rana ta fito. Kuma ka zo da cefane." Ta cika leda da masa mai zafi ta tura masa. "Ka biya wurin Ebun ta duba hancin nan. Kada ka saya a mota."

Ya miƙe, ya laluba aljihun rigar ruwansa, ya fito da goro ɗaya fari, a naɗe cikin ganye.

"Tun ranar da kika ba ni labarin nan nake yawo da shi. In ya bushe in sake wani. Na ce ba zai yiwu na kwance ya fi ni ba." Ya ɓare, ya miƙa mata rabi.

Iya ta karɓa. Hazo ya fara ɗagawa, hasumiyar masallaci ta fito har ƙasa. Ta gutsura, ta tauna a hankali, fuskarta ta yamutse, ruwa ya cika mata ido ya gangaro.

"Kuka kike, amarya? Tun ban tafi ba?"

"Wa zai yi maka kuka? Goron naka ne, ɗaci kamar me."

"To ai shi muke nema," in ji Lukuman. Ya jefa nasa rabin a baki, ya tayar da babur.